Mota Ta Ƙi Tashi? A Duba Makunnin Kuloci Kafin a Sayi Batir

Direbobi da dama a Jimeta da Yola kan kashe kuɗi wajen sayen batir ko gyaran kik, alhali ciwon motar yana ƙarƙashin ƙafarsu ta hagu. Motoci masu giyar hannu da yawa, musamman waɗanda aka ƙera wa kasuwar Amurka, suna da ɗan makunni a jikin kuloci, can ƙarƙashin sitiyari. Aikinsa ya hana wuta isa ga kik sai an take kuloci har ƙasa, don kada mota ta zabura idan an bar ta a giya.

In ya lalace, za ka murɗa makulli, fitilun dashbod su kama, hon ya yi ƙara, amma injin ko motsi. Batir mai rauni kuwa yakan sa fitilu su dushe, ka ji ƙas-ƙas.

Yanayinmu ma yana da hannu. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40 a Yola, yana busar da 'yar robar da ke danna makunnin har ta ɓare. Ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, da damina kuma motar da ta ratsa ruwa a unguwannin bakin kogin Binuwai takan yi tsatsa a mahaɗar wayoyi.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Janye tabarmar ƙasan mota, domin takan naɗe ta hana kuloci kaiwa ƙarshe. In ka ga ɓarɓashin roba a wurin, ka kusa gano matsalar. Sannan a duba fiyus da rile na kik.

In abin ya ci tura, nemi mai gyaran wuta da ke aiki da mita. Ya fara auna batir: cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota tana kashe. Daga nan ya zare soket ɗin makunnin ya gwada: a take kuloci wuta ta wuce, a saki ta yanke. In mita ba ta nuna bambanci ba, makunnin ya mutu ko ya goce daga mazauninsa.

Sai gargaɗi. Wasu kan ce, "Alhaji, bari kawai mu haɗe wayoyin biyu." Mota za ta tashi, amma kariyar ta tafi. Ranar da yaro ya murɗa makulli tana giya ɗaya, ko aka tayar da ita a giya cikin cunkoson tashar Jambutu, za ta iya afka wa mutum. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A bar haɗe wayar a matsayin gwaji na ɗan lokaci, giya a firi, birkin hannu a ja. Da an tabbatar, a sa sabon makunni, domin kuɗinsa bai kai na batir ba, balle na asibiti.