Daga Ina Ruwan Kanal Yake Zuwa, Ina Kuma Yake Tafiya?

'Yan'uwana ɗalibai, in aka tambaye mu inda ruwan kanal ɗinmu yake fitowa, kowa zai ce Tiga. Gaskiya ne, amma ita ma Tiga tara mata ake yi. Ruwan saman da yake sauka a kan duwatsun kudancin jihar Kano, wajajen Riruwai da dajin Falgore, shi ne yake gangarowa ta ƙoramu ya shiga Kogin Kano. A kan wannan kogi aka gina dam ɗin Tiga zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama shi a 1974. Duk ƙasar da ruwanta yake malalowa cikin kogi ɗaya, ita ake kira yankin kogin, kuma Bunkure tana cikin na Kogin Kano.

Daga Tiga babban kanal yake kawo ruwa Ruwan Kanya, daga nan ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Shi ya sa muke da shinkafa da alkama da tumatir da albasa ko da rani. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi.

To, ga abin da ba mu cika tunawa ba: ruwan ba a wurinmu yake ƙarewa ba. Wanda ya rage a gona yana komawa kogi. Kogin Kano ya haɗu da na Challawa, su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Haɗeja har fadamun Nguru, ragowarsa ya nufi Tafkin Chadi. Ke nan wanda ya wanke famfon feshi a bakin kanal, ko ya jefa robar maganin ƙwari a ciki, mutumin da bai taɓa gani ba ya aika wa. Leda kuwa tun a nan take toshe ƙananan kanal, manomin da yake can ƙarshe ya rasa ruwa. Ciyawar kachalla ma tana son wurin da ruwa ya kwanta da laka.

Wanda ya fi shafar mu yara shi ne tsargiya. Mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen cutar sukan shiga katantanwa, su girma, su fito su huda fatar mai wanka. Wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti.

Ga aikin da kowane aji zai iya ba da ko sisi ba. A ɗebi ruwa a gora mai haske daga wuri uku: babban kanal, ƙaramin kanal, da inda ruwa yake fita daga gona. A rubuta wuri da rana a jikin kowace, a ajiye su kwana, a gwada yawan lakar da ta kwanta. A maimaita da damina. Kada dai a shiga ruwan, a ɗeba da guga, kuma a tafi da malami, don babban kanal yana da ƙarfin ja.