Mashayi Shi Ya San Ciwon Mashayi

A birnin Bauci, mutumin da giya ta kama ya fi tsoron idon jama'a bisa ga ciwon hanta. Tun shekarar 2001 da Jihar Bauci ta soma aiki da shari'ar Musulunci, Musulmin da aka samu da laifin shan barasa hukuncinsa bulala ne. Amma wanda abin ya riga ya shiga jininsa, sau da yawa ɓuya kurum yake ƙarawa. Ya sha a saye, ya tauna goro, ya shiga gida tsakar dare. In kuwa ya taho ci-rani kurmi, ya sauka Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, to, ba uba ba kawu mai tsawata masa, ga ogogoro da araha. Kuɗin da ya kamata a aika gida sai su ƙare a kwalba.

Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa wannan hali cuta ce, kuma tana da magani. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi amfani ita ce mashaya masu son dainawa su riƙa taruwa suna ƙarfafa wa juna zuciya.

Asalin abin a Amurka ne. A shekarar 1935, a garin Akron na Jihar Ohayo, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya gamu da wani likita, Bob Smith, dukansu giya ta wahalshe su. Suka lura cewa in suka zauna suna faɗa wa juna gaskiyar halinsu, ƙishin giyar yakan lafa. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, watau mashayan da ba a bayyana sunansu, wadda ake taƙaitawa A.A. A 1939 suka buga littafinsu mai matakai 12, yau kuwa ƙungiyar ta bazu a ƙasashe wajen 180. A 2020 wani babban bincike da ya tattara nazari 27 ya nuna cewa wajen barin giya ɗungum, wannan hanya ba ta kasa sauran hanyoyin ba da shawara ba, sau da yawa ma ta fi su.

Yadda taron yake ba wuya. Akan zauna kamar awa guda. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a cika takarda, sunan farko kaɗai mutum zai faɗa. Wanda ya ga dama ya ba da labarinsa, wanda bai shirya ba ya yi shiru ya saurara. Ba mai yi wa wani wa'azi ko gori, abin da aka ji a ɗakin kuma nan ake barinsa. Ba a ce wa baƙo ya rantse har abada, alkawarin yini guda ake ɗauka, gobe a sake. Daga baya ya zaɓi wani da ya daɗe da dainawa, wanda zai kira ko da tsakar dare in zuciya ta raya masa komawa.

Wadansu Musulmi sukan ja da baya domin akan yi taron a zauren coci. Aron ɗaki ne kawai. Ƙungiyar ba ta wani addini ba ce, kowa da yadda ya san Ubangijinsa yake neman taimako.

Sai dai akwai gargaɗi. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Cikin yini guda jiki kan ɗauki rawa da zufa, bayan kwana biyu ko uku wani kan yi farfaɗiya ko gane-gane, har a rasa rai. Saboda haka asibiti za a fara zuwa.

A Bauci, ƙofar farko ita ce sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Zuwa wurin ba ya nufin mutum ya haukace, can ne likitocin wannan cuta suke. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ma tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Mazauna kurmi kuwa ga asibitin Yaba a Ikko, ga na Aro a Abekuta, duka suna da sashen masu shaye-shaye. A nan ne ya kamata a tambayi inda ake taro mafi kusa. A Ikko akwai tarurrukan A.A., kuma tun annobar korona ta 2020 da yawa ana yinsu ta wayar hannu, har wanda ke Wunti ko Yalwa yana iya shiga daga ɗakinsa.

Inda babu taro kuma, bisa ga al'adar ƙungiyar mutum biyu ko uku sun isa su kafa nasu. Ɗan ci-ranin da ya koyi tsarin a Ikko, in ya koma Bauci da damina, zaure guda da tabarma da amana sun ishe shi. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.