Keso da Ratal: Nazari a kan Sifofin Adadin 20,000

1.0 Gabatarwa

Kafin zuwan Turawa, wuri shi ne kuɗin da ake ciniki da shi a ƙasar Hausa, kuma babban ma'auninsa shi ne keso, wato wuri zambar ashirin (20,000) a cikin jakar kaba. Wannan maƙala za ta dubi sifofin wannan adadi ta fuskar lissafi, domin a ga yadda ya dace da ƙidayar Kano da ta Barno baki ɗaya.

2.0 Ginin Adadin

Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, kamar 2 da 3 da 5 da 7. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su. Idan aka warware 20,000, tubali iri biyu kawai za a samu: 2 sau biyar (2×2×2×2×2 = 32) da 5 sau huɗu (5×5×5×5 = 625). Ke nan 32 × 625 = 20,000. Saboda haka adadin cika ne, ba mara ba, kuma lambobi 30 ne ke raba shi ba tare da saura ba.

3.0 Ajinsa

Nikomakus, masanin Girka, ya kasa lambobi gida uku, kuma Sabit bin Ƙurra (ya rasu 901) ya fassara littafinsa zuwa Larabci. Akan tara lambobin da ke raba adadi, ban da shi kansa. In jimlar ta yi daidai da shi, kamar 6 = 1+2+3, tammu ne; in ta gaza, naƙisi ne; in ta zarce, za'idi ne. Jimlar masu raba 20,000 ita ce 29,203, don haka za'idi ne.

4.0 Kano da Kukawa

Bahaushe biyar-biyar yake ƙirga wuri, kuma 5 tubali ne na keso. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano; keso ɗaya dala 8 ke nan cif.

A Kukawa kuwa, hedkwatar Barno kafin a kafa Yerwa (Maiduguri) a 1907, wuri bai shiga kasuwa ba sai zamanin Shehu Umar. Can, wuri 8 ne gabaga ɗaya, gabaga 4 kuma ratal ɗaya, wato wuri 32. To, 32 shi ne ɗaya ɓangaren ginin adadinmu. Falken da ya kai keso Kukawa zai same shi gabaga 2,500 ko ratal 625, babu ko wuri ɗaya da ya yi saura.

5.0 Inda ya Gaza

Babu 3 a cikin tubalan 20,000. A rabon gado, nusufinsa 10,000 ne, rubu'i 5,000, sumuni 2,500, duk ba saura. Amma sulusi 6,666 ne da saura 2, sudusi kuma 3,333 da saura 2, ga shi kuwa wuri ba ya tsaguwa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa sauƙin rabuwar keso da cijewarsa duk daga tubalansa suka taso. Malaman da ke koyar da lissafi da Hausa suna iya fara bayanin tubalan lambobi da wannan misali na gida.