Shin Ko Kun San? Sirrin Ɗalibi a Hannun Jami'a

Shin ko kun san yaron da ya taso daga Gagarawa ko Sule Tankarkar yana neman gurbin karatu, tun kafin ya ga ƙofar aji ya gama miƙa sirrinsa? Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, a cibiyar rajista kuma a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. In ya samu shiga Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Kwalejin Ilimi ta Gumel, sai a ƙara da takardar haihuwa, da shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da lambar wayar mahaifi.

Shin ko kun san duk wannan amana ce da doka ta ɗora wa makaranta? Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, a watan Yunin 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC.

Dokar ta ware wasu bayanai ta ce a yi musu kulawa ta musamman: lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa, da zanen yatsansa. Batun lafiyar ne ya fi taɓa ni. Sakamakon gwajin jinin da ɗaliba ta kai asibitin makaranta, in ya zama abin hira a ofis, yana iya isa gidan masu neman aurenta kafin ita ta dawo hutu. Magana kuwa zarar bunu ce.

Shin ko kun san ɗalibi na da ikon ya nemi a nuna masa abin da aka adana a kansa, ya kuma sa a gyara kuskure? Kada a raina wannan. In aka ƙara wa mutum shekaru a takarda har ya haura 30 lokacin kammalawa, ya rasa bautar ƙasa ke nan.

In bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, sa'o'i 72 doka ta ba makaranta ta sanar da NDPC. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A Ingila an riga an gani: a 2018 aka ci Jami'ar Greenwich tarar fam 120,000, bayan bayanan kusan mutum 20,000 sun fita ta wani tsohon shafin intanet da aka buɗe a 2004 don taro, aka manta ba a rufe ba.

Shin ko kun san a Amurka, tun wata dokar 1974, ɗalibin jami'a ne ke da ikon takardunsa? A nan ma, da ya cika 18 yardarsa ake nema. Uban da ya sayar da sa ranar Alhamis a kasuwar Maigatari don biyan kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya san sakamako, babu ja. Hanyar da ta fi kyau ita ce ya ji daga bakin ɗansa.

Tsallaken iyaka, Nijar ta yi tata dokar kare bayanai tun 2017.

Amma inda ruwa ya fi yoyo yana kusa da mu. Ɗalibi ya shiga shagon kwamfuta, ya karanto lambar sirrinsa da ƙarfi ga mai shago, mutum biyar na zaune a benci suna ji. Mai shagon ma lambar wayarsa ya sa a rajistar, don haka duk saƙon da ya zo shi zai fara gani. Kwafin da bai fito sosai ba a jefa kwali, gobe ka sayi ƙosai a naɗe cikin takarda mai hoton ɗiyar wani da ranar haihuwarta. A yi rajista da layin da ke hannun ɗalibi, a canza lambar sirri da an fito, a kuma karɓi kwafin da ya lalace a tafi da shi.