Kaka da tsoron ƙanƙara a garkar jama'a ta Amurka

A arewa maso gabashin ƙasar Amurka, kaka tana kamawa cikin watan Satumba da Oktoba. A wannan lokaci hankalin masu garka ba ya kwance. Abin da suke tsoro shi ne sanyi, don dare guda ya isa ya kashe aikin wata biyar.

Mi ake nufi da garkar jama'a?

Garka ce wadda manomi da masu sayen kayansa suka haɗa kai a kanta. Can ana kiran wannan tsari CSA. Tun kafin shuka, kowane gida yana biyan kuɗin kasonsa na shekara. Da kuɗin nan manomi yake sayen iri da taki, ya biya ƴan ƙwadago, ba sai ya ci bashi ba. Daga watan Yuni har zuwa Oktoba, kowane mako, masu kaso suna zuwa su karɓi rabonsu na kayan garka.

A Amurka an soma wannan tsari a shekarar 1986. Ɗaya daga cikin garake biyu na farko ita ce Indian Line Farm, cikin jihar Masacusets, inda wata mace mai suna Robyn Van En ta jagoranci aikin. A kudancin Faransa an kafa irinsa a shekarar 2001, da sunan AMAP.

Ƙaƙa sanyi ke kashe shuka?

Ruwa yana daskarewa in ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0. Wannan ƙanƙara ba irin wadda ke faɗowa tare da hadari ba ce. Damshin iska ne ke daskarewa bisa ganye, ya yi fari kamar an barbaɗa gishiri. Masu garake na duwatsun Ayar sun san irinta cikin Disamba da Janairu.

Ruwan da ke cikin ganye shi ma yana daskarewa, ya fasa naman ganyen. Rana na fitowa sai ganye ya yi laushi, ya yi baƙi, kamar an zuba masa ruwan zafi.

Daren da ya fi hatsari shi ne wanda babu gajimare, babu iska. A irin wannan dare zafin da ƙasa ta tara da rana yana tashi sama, ba abin da ke tare shi. Iska mai sanyi kuma ta fi nauyi, sai ta gangara ta kwanta cikin kwari. Shi ya sa fangalin da ke kwari yake riga na tudu mutuwa.

A Masacusets ƙanƙarar farko ta saba zuwa tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba. In ta yi sammako da mako biyu, kamar damina ce ta ɗauke hatsi bai nuna ba.

Waɗanne shuke-shuke ne ke jimrewa?

Tumatur, tattasai, tonka, kokwamba, ɗanyen wake da ganyen kabewa ba su jimre ko ƙanƙara kaɗan. Shu, karoti da alayyahon turawa suna jimrewa. Har ma karoti yana ƙara zaƙi bayan sanyi, don yana tara sukari cikin jikinsa ya kare kansa. Amma in sanyi ya kai digiri 2 ƙasa da 0, ya daɗe awa da yawa, ɓarna tana yin yawa.

Mi manomi ke yi?

Da kaka, manomi ba ya rabuwa da labarin yanayi. Da ya ji za a yi ƙanƙara da dare, sai ya bar duk wani aiki. Ga abin da yake yi:

1. Ya tsinke tumatur da tattasai duka, har ɗanyu. Tumatur ɗin da ya ƙosa yana iya nuna cikin ɗaki.
2. Ya kwashe kabewa ya kai rumfa, don wadda sanyi ya taɓa ba ta ajiyuwa.
3. Ya shayar da ƙasa tun da rana, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafi.
4. Ya lulluɓe salati da sauran ƙananan shuka da wani farin yadi marar nauyi kafin faɗuwar rana. Yadin yana tsare ɗumin ƙasa.

Shu da karoti ana barinsu sai daga baya. Aikin yana da yawa, yini kuma gajere ne. Saboda haka a garake da dama akan yi kira ga masu kaso. Su taso daga gari, manya da yara, su kama tsinka har duhu, kamar ranar gayya.

Wa ke ɗaukar hasara?

Nan ne amfanin tsarin yake. Manomin da ke kai kaya kasuwa shi kaɗai, in ƙanƙara ta ci garkarsa, shi da iyalinsa ne za su ji a jikinsu. A garkar jama'a kuwa an yi alkawari tun farko: in an samu albarka kowa ya ƙaru, in an yi hasara kowa ya ɗauki kaɗan. Kwandon mako zai zo babu tumatur, sai shu da karoti da dankalin turawa, amma kuɗin da aka biya ba a maido shi.

Wannan alkawari yana da wuya. Akwai masu kaso da ke jin haushi in kwando ya ragu, har su ƙi sake biya. Don haka manomi mai hankali yana shuka iri-iri, masu gudun sanyi da masu jimre shi. Yana kuma gaya wa jama'arsa gaskiyar abin da ya faru tun da wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin Oktoba, kafin ƙasa ta daskare, manomi yana dasa tafarnuwa, ya rufe ta da ciyawa. Za ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara har sanyi ya wuce, a haƙe ta cikin watan Yuli. Ita ce shukar farko ta kason baɗi.