Haruffa huɗu masu nufin kisa: ma'anar kalmomin Turanci da ke ƙarewa da "cide"

Akwai wasu kalmomin Turanci da ke yawan fitowa a rahotannin kotu da takardun 'yan sanda da jikin kwalaben maganin feshi, waɗanda dukkansu ke ƙarewa da haruffa huɗu iri ɗaya, wato "cide". Wannan ɗafi ya samo asali ne daga kalmar Latin "caedere", mai nufin sara ko yanka ko kashewa. Duk inda ya fito a irin waɗannan kalmomi akwai kisa a ciki, farkon kalmar kuma shi ke nuna abin da ake kashewa.

A gona ne rashin sanin wannan bambanci ya fi saurin jawo asara. Kalmar "pesticide" suna ne na gama-gari ga duk maganin da ke kashe abin da ke cutar da amfanin gona, amma kowane iri na da nasa suna. "Insecticide" maganin ƙwari ne, "herbicide" maganin ciyawa, "fungicide" na funfuna da cututtukan da danginta ke haddasawa, "rodenticide" kuwa na ɓera da gafiya. Manomin da ya je kasuwa ya ce a ba shi maganin feshi kawai, bai duba farkon kalmar da ke jikin kwalba ba, yana iya komawa gida da abin da zai ƙone masa shuka. Sinadarin glyphosate, alal misali, ba ya bambanta ciyawa da dawa, kusan duk koren ganyen da ya taɓa sai ya bushe. Shi kuma 2,4-D masu faɗin ganye yake kashewa, don haka ana amfani da shi a gonar shinkafa da masara, amma idan ya sauka a kan wake ko auduga ɓarna zai yi.

Ko maganin ƙwarin ma yana da inda ya dace. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa, wanda wasu ke zubawa a buhu don hana ƙwari ci. Abin da aka yi domin kashe ƙwaro guba ne, ba ya kuma zama lafiyayye don kawai ya shiga rumbu.

A kotu kuwa, kalmar da ta fi fitowa ita ce "homicide", daga "homo", wato mutum. Ma'anarta mutum ya kashe wani mutum, ita kaɗai kuma ba ta nuna ko da gangan ne ko bisa kuskure. Shi ya sa kundin Penal Code, wanda ya fara aiki a Arewacin Najeriya a 1960, ya ƙara mata kalmar "culpable", mai nufin wanda akwai laifi a cikinsa, sannan ya raba ta biyu. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa, sashe na 224 kuma ɗauri ko tara, a yanayi kamar na wanda aka tunzura shi matuƙa nan take. Kundin Criminal Code da ake bi a Kudu yana kiran waɗannan biyun "murder" da "manslaughter". Iyalin wanda ake tuhuma suna buƙatar sauraron kalmomin da ke bin bayan "homicide" a takardar tuhuma, domin a nan ne bambancin rai da mutuwa yake.

Masu fassara na yawan tuntuɓe a kan "suicide", daga "sui", wato kai. A Hausa "kisan kai" na nufin kashe wani, don haka ita ce fassarar "homicide". Wanda ya aikata "suicide" kuwa sai a ce ya kashe kansa. Akwai kuma "infanticide", kashe jariri, da "fratricide", kashe ɗan'uwa, da "regicide", kashe sarki, kamar yadda aka fille kan Sarki Charles na ɗaya a Ingila a 1649.

Mafi nauyi a cikinsu ita ce "genocide", wadda ake fassarawa da kisan ƙare dangi. Ba tsohuwar kalma ba ce. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Poland, Raphael Lemkin, shi ya ƙirƙire ta a 1944, inda ya haɗa kalmar Girkanci "genos", mai nufin jinsi ko ƙabila, da ɗafin na Latin. A ranar 9 ga Disamban 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta fayyace laifin: aikata kisa ko wasu ayyuka da niyyar halaka wata al'umma, dukkanta ko wani ɓangarenta, saboda ƙasarta ko ƙabilarta ko launinta ko addininta. Niyya ce ginshiƙin ma'anar, ba yawan gawarwaki ba. An kashe kimanin mutum 800,000 a Ruwanda a 1994, an kashe maza kimanin 8,000 a Srebrenica da ke Bosniya a 1995, kotunan duniya kuma sun kira duka biyun da wannan suna. Saboda haka jefa kalmar a kan kowane rikici, kamar yadda ake gani a kafafen sada zumunta, na iya rura wutar da ba ta kai can ba, ya kuma rage mata nauyi a ranar da aka buƙace ta da gaske.

Ba kowace kalma mai wannan ƙarshe ce ke ɗauke da jini ba. "Decide" daga tushe ɗaya ta fito, amma yankan da ke cikinta na magana ne, daidai da yadda Bahaushe ke cewa ya yanke shawara ko alƙali ya yanke hukunci. "Coincide" kuwa kama ce kawai ta haɗa su, domin asalinta wata kalmar Latin ce dabam, "cadere", mai nufin faɗuwa, ma'anarta kuma abubuwa biyu su faɗo a lokaci ɗaya, kamar a ce ranar Sallah ta dace da Juma'a.