Ko Ka San Dusa Kan Sa wa Rago Tsakuwa a Mafitsara?

Ragon da aka turke a gida ana ɗura masa dusa don ya yi ƙiba kafin Babbar Sallah ya fi ragon da ke yawon kiwo shiga haɗarin tsakuwar mafitsara. Ba haɗiyar tsakuwar yake yi ba. A cikin fitsarinsa take ƙulluwa, daga sinadaran da suka yi wa ruwan fitsarin yawa har suka daskare.

Dusa da hatsi suna ɗauke da sinadarin fosfaras mai yawa, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Dabba mai tuƙa tana da hanyarta ta rage fosfaras: yana bin yawu ya sauka tumbi, ya fita tare da kashi. To, yawun kuwa sai da tuƙa yake zuba sosai, tuƙa kuma sai da ciyawa ko harawa. Idan dusa ta maye gurbinsu, tuƙa ta ragu, sai aikin ya koma kan ƙoda, ta riƙa zubar da fosfaras cikin fitsari. Fitsarin tumaki da awaki dama ba mai tsami ba ne, ya karkata ɓangaren kanwa, kuma a irin wannan ruwa ne fosfaras yake haɗuwa da maganiziyam da amoniya su zama yashi. Tunkiya takan fitsarar da yashin ba wahala, don hanyarta gajera ce mai faɗi. Ta rago doguwa ce siririya, ga lanƙwasa, ga wani ɗan tsiro kamar zare a ƙarshen gabansa inda yashin ya fi maƙalewa. Wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami hanyarsa ta fi matsewa.

Abin tausayi shi ne yadda ake yi wa ciwon mummunar fahimta. Rago zai ta yunƙuri yana kaɗa wutsiya, yana tauna haƙora, mai shi ya ɗauka kashi ne ya ƙi fita. Cikin kwana ɗaya ko biyu mafitsara na iya fashewa. Sai dabbar ta ɗan lafa kamar ta samu sauƙi, alhali fitsari ne ke taruwa a cikinta. Duk ragon da aka ga yana yunƙuri fitsari bai fita, likitan dabbobi za a nema a ranar.

Ko an buɗe hanyar, tsakuwa na iya dawowa muddin fitsarin bai sauya ba. Shi ya sa likitoci kan ba da amoniyam kuloraid, wanda ke tsamama fitsari har ya hana yashin ƙulluwa, ya ma narkar da ƙananansa. Yana da ɗaci, kuma ba a son a zarce da shi ba hutu, saboda haka ba maganin da za a auna da ido ba ne. Sauran gyaran na hannun mai kiwo: kalsiyam ya ninka fosfaras sau 2 a abinci, abin da harawar wake da ta gyaɗa ke taimakawa a kai, a sa gishiri don ya sha ruwa sosai, kada kuma ruwa mai tsabta ya yanke, musamman da hunturu lokacin da dabbobi ke ƙyuyar sha. A ganina ya kamata a sassauta kanwa ga ragon da ke kan dusa. Yadda take kashe tsamin yakuwa a tukunya, haka take kashe tsamin fitsari.

Mu ma mutane haka ake bi da mu, sai dai ba kullum ta fuska ɗaya ba. Tsakuwar sinadarin yurik tsami take so, tana ƙulluwa idan ma'aunin pH na fitsari ya yi ƙasa da 5.5, don haka sai a ba mutum fotasiyam sitiret ya rage tsamin, akasin abin da ake yi wa rago. Mai zubar da kalsiyam da yawa a fitsari akan ba shi magungunan tayazaid, a ce ya rage gishiri. Kusan duk mai tsakuwa kuma ana so ya sha ruwan da zai fitar da fitsari lita 2.5 a rana. Wanda ya taɓa fitsarar da tsakuwa ya adana ta ya kai asibiti, domin sai an gwada ta ake sanin ɓangaren da za a juya fitsarin.